Paul Lauterbur: Mutumin da ya share hanyar auna aikin zuciya ba tare da an tsaga ƙirji ba

A Zamfara, kamar sauran jihohin arewa maso yamma, akwai wani ciwo da ma'aikatan lafiya suka san kamanninsa tun daga bakin ƙofa. Mace ce ta haihu wata ɗaya ko biyu da suka wuce. Ƙafafunta sun kumbura, numfashinta yana sama-sama, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, ga tari da ke hana ta barci.

Ko daga Tsafe aka ɗauko ta, ko daga Bungudu, idan an iso da ita Gusau tambayar da likita zai fara neman amsarta ɗaya ce: jini nawa zuciyarta ke iya turawa a kowane bugu?

Amsar ita ke nuna irin maganin da za a ba ta da tsawon lokacin da za ta sha shi. Ita ce kuma ke nuna ko sake ɗaukar ciki zai jefa rayuwarta cikin haɗari.

A yau, na'urar da likitocin zuciya suka fi amincewa da ingancin awonta a wannan fanni ita ce MRI. Tushenta ya faro ne daga wani tunani da ya faɗo wa wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Paul Lauterbur, a wani dare na shekarar 1971. Shi ba likita ba ne, kuma bai taɓa duba maras lafiya ba.

Yaron da ya mayar da ƙasan gidansu ɗakin gwaji

An haifi Paul Christian Lauterbur ranar 6 ga Mayu, 1929, a Sidney, wani ƙaramin gari a jihar Ohayo. Mahaifinsa injiniya ne, kuma yana da hannun jari a wani kamfani da ke ƙera injinan kwaɓa burodi.

Tun yana yaro ya fi son ya gwada abu da hannunsa a kan a faɗa masa. Ya haɗa ɗan ɗakin gwaji a ƙarƙashin gidansu. A sakandare, malaminsa na ilimin sinadarai ya lura ya wuce abin da ake koyarwa, sai ya ƙyale shi yana gwaje-gwajensa a bayan aji yayin da sauran ɗalibai ke ɗaukar darasi.

Ya kammala digirin farko a ilimin sinadarai a Kwalejin Fasaha ta Case da ke birnin Cleveland a 1951. Daga nan ya kama aiki a Cibiyar Mellon da ke Pittsburgh, yana aiki yana kuma karatu.

A 1953 aka ɗauke shi aikin soja na tilas. Maimakon fagen daga, sai aka tura shi cibiyar binciken sinadarai ta rundunar soja a jihar Maryland. A can ya sami wata sabuwar na'ura da mutane kaɗan ne suka iya sarrafa ta, wadda ake kira NMR. Ya zauna ya laƙance ta, kuma ita ce ta zama sana'arsa har ƙarshen rayuwa.

Mene ne NMR?

Kusan kashi biyu cikin uku na jikin mutum ruwa ne, kuma a cikin ruwa akwai sinadarin haidirojin. Cibiyar kowace ƙwayar zarra ta haidirojin tana aiki kamar ɗan mitsitsin maganaɗisu.

Idan aka sa abu mai ruwa cikin babban maganaɗisu, waɗannan ƙwayoyi sukan daidaitu da shi. Idan aka harba masu igiyar rediyo a kan mitar da ta dace, sai su karkace. Da an ɗauke, sai su koma yadda suke, kuma a wajen komawar sukan fitar da wata 'yar sigina da na'ura ke iya kamawa.

Felix Bloch da Edward Purcell ne suka nuna hakan a cikin ruwa da daskararren abu a 1946, aka ba su kyautar Nobel a 1952. Masana sinadarai suka rungumi hanyar don gane abin da ke cikin kwalbar gwaji.

Lauterbur ya yi suna a wannan fage tun kafin ya sami digirin digirgir. A 1957 ya wallafa aikin da ya buɗe hanyar nazarin sinadarin kabon da NMR. Ya sami digirin nasa a Jami'ar Pittsburgh a 1962, sannan a 1963 ya koma koyarwa a Jami'ar Stony Brook da ke jihar New York.

Sai dai NMR tana da iyaka. Tana iya faɗin abin da ke cikin kwalba, amma ba ta iya faɗin daga wane wuri a cikin kwalbar siginar ta fito. Saboda haka ba a ɗaukar hoto da ita.

Daren 2 ga Satumba, 1971

A 1971 Lauterbur ya tsinci kansa yana shugabantar wani ƙaramin kamfanin kayan NMR a New Kensington, kusa da Pittsburgh, wanda ke gab da durƙushewa.

A watan Maris na shekarar, wani likita mai suna Raymond Damadian ya wallafa cewa siginar NMR daga naman da ke da ciwon daji ta bambanta da ta lafiyayyen nama. Wani mai bincike daga Jami'ar Johns Hopkins ya zo kamfanin don ya maimaita irin wannan gwaji a kan ɓeraye. Lauterbur ya tsaya yana kallo.

Sakamakon ya burge shi, amma hanyar ba ta kwanta masa ba. Kafin a auna, sai an kashe dabbar an yanko naman an cusa a kwalba. Idan har sai an yi yanka, amfanin abin ga mai rai kaɗan ne.

Da daren ranar ya je wani gidan abinci. Yana tsakiyar cin burodi da nama dabarar ta zo masa. Ya fara zana ta a takardar goge baki, daga baya ya sayi littafin rubutu ya tsara ta, ya kuma sa abokin aikinsa ya sa hannu a matsayin shaida.

Ga dabarar. Mitar da ƙwayoyin haidirojin ke amsawa a kanta ta dogara ne da ƙarfin maganaɗisun da ke wurin. Masana na lokacin suna ta fama su sa ƙarfin ya zama daidai a ko'ina, domin duk wani bambanci ɓata masu awo yake yi. Lauterbur ya ga cewa abin da suke gudu shi ne maganin matsalar. Idan da gangan aka sa ƙarfin yana ƙaruwa daga wannan gefe zuwa wancan, kowane wuri zai amsa a kan tasa mitar.

Abin ya yi kama da gidajen rediyo. Mai saurare da ya san mitar kowace tasha, da ya kama ya san daga wane gari ake magana. Idan aka juya wannan bambancin ƙarfi ta fuskoki daban-daban, aka haɗa sakamakon da lissafi, sai hoto ya fito.

Takardar da aka fara mayar masa

Da ya koma Stony Brook, ba shi da na'urar kansa da zai yi gwajin. Wadda ta fi kyau ta sashen sinadarai ce, kowa na amfani da ita da rana. Sai ya riƙa zuwa da dare, ya sauya saitinta ya yi aikinsa, kafin gari ya waye ya mayar da komai yadda ya same shi.

Hotonsa na farko na wasu siraran bututan gilashi ne guda biyu, kowane faɗinsa kamar milimita ɗaya, cike da ruwa. Ya tsoma su cikin wani nau'in ruwa da ake kira ruwa mai nauyi, wanda ido ba ya bambanta shi da na yau da kullum. Ya auna ta fuskoki huɗu. A takarda sai ga ɗigo biyu dishi-dishi, kowane a inda bututunsa yake.

Ya aika da sakamakon ga mujallar kimiyya ta Nature da ke Ingila. Aka dawo masa da ita. Bai haƙura ba. Ya sake rubutawa, ya ƙara bayani kan amfanin da hanyar za ta iya yi wajen nazarin ciwon daji, ya sake turawa. An buga ta ranar 16 ga Maris, 1973. Bayan kimanin shekara 30, mujallar da kanta ta lissafa takardar cikin manyan ayyukan da ta taɓa bugawa.

Ya raɗa wa hanyar suna zeugmatography, daga wata kalmar Girkanci mai nufin haɗa abu biyu, wato maganaɗisu da igiyar rediyo. Sunan bai karɓu ba. Daga baya aka tsaya a kan MRI, bayan an cire harafin N mai nufin nukiliya, don kada marasa lafiya su zaci akwai tururin nukiliya a ciki. Babu shi. Na'urar ba ta ma amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi.

Ya kuma nemi a yi wa dabarar rajistar mallaka. Waɗanda ke tantance irin wannan buƙata a madadin jami'ar suka ga ba za ta mayar da kuɗin rajistar ba, suka ƙi. Hakan ya sa bai mallaki fasahar da daga baya ta zama kasuwar biliyoyin daloli ba. Shi kuwa ya ci gaba da yawo taro-taro yana bayyana ta ga duk mai son ji.

Ya ɗauki hoton wata 'yar halittar ruwa mai ƙwanso da 'yarsa ta tsinto a bakin teku, ya ɗauki na koren tattasai. A 1974 ya wallafa hoton ƙirjin ɓera mai rai.

Yadda aka iso ga zuciya

Zuciya ta fi kowace gaɓa wahalar ɗauka a hoto, domin ba ta tsayawa. Takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kuma numfashi yana ɗaga ta yana sauke ta. Hotunan farko na MRI kuwa suna ɗaukar mintuna masu yawa.

A nan aikin wasu ya shigo. Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila ya inganta lissafin, kuma a 1977 ya fito da hanyar ɗaukar hoto cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A 1980 ayarin John Mallard a Aberdeen da ke Sikotilan ya ɗauki hoton cikin jikin maras lafiya wanda ya yi wa likitoci amfani. A farkon shekarun 1980 aka fara haɗa na'urar da wayoyin da ke bin bugun zuciya, ta yadda za ta riƙa ɗauka a daidai lokaci guda na kowane bugu.

Shi ma Lauterbur ya taɓa zuciya kai tsaye. A 1978 shi da abokan aikinsa suka ba da rahoton gwajin da suka yi a kan karnuka. Sun toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, suka yi allurar sinadarin manganis, sannan suka auna naman zuciyar. Sashen da jini ke isa ya ɗauki sinadarin, siginarsa ta sauya. Sashen da jini ya yanke masa bai ɗauka kamar haka ba.

Wannan gwaji na cikin tushen allurar da ake yi wa mutane yau kafin wasu hotunan MRI. Yanzu gadoliniyam ake amfani da shi, wanda aka amince da shi a 1988. A zuciya, sinadarin yakan daɗe a wurin da nama ya mutu ya zama tabo, sai wurin ya fito fari a hoto.

Ga yadda awon yake a yau. Mutum zai kwanta cikin na'urar, a manna masa wayoyi a ƙirji, a riƙa ce masa ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu. Na'urar za ta ɗauki zuciya yanki-yanki daga sama zuwa ƙasa, kamar an yayyanka burodi, kowane yanki a matsayin ɗan gajeren bidiyo. Aikin yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya.

Daga nan sai a zana iyakar ɗakin hagu na ƙasa, wanda shi ke tura jini zuwa jiki, a lokacin da ya cika da lokacin da ya matse. A babban mutum mai lafiya, ɗakin yakan cika da kimanin mililita 120, ya tura kimanin 70. Wato ya fitar da wajen kashi 58 cikin 100. Wannan kaso shi ne ake rubutawa EF a takardar sakamako. Na mai lafiya yakan kasance tsakanin 55 zuwa 70.

Abin da ya haɗa shi da masu jego

A gazawar zuciya ta masu jego, wannan kaso yakan faɗi ƙasa da 45, wani lokaci ya yi ƙasa sosai. Jinin da zuciya ta kasa turawa sai ya taru a baya, ruwa ya cika huhu da ƙafafu.

Ƙasar Hausa na cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970, Neil Davidson da Eldryd Parry na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin mata 224 masu wannan ciwo a Zariya. Sun danganta shi da al'adun jego: wankan ruwan zafi, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da yawan shan kunun kanwa.

A Sakkwato, jihar da aka ciri Zamfara daga cikinta a 1996, wani bincike da aka wallafa a 2007 ya sami mace ɗaya cikin kimanin haihuwa 100. Wani babban bincike na ƙasa baki ɗaya da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa mafi yawan masu ciwon daga arewa maso yamma suke. Binciken bai sami alaƙa mai ƙarfi da al'adun jego ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatun boko, rashin aikin yi, da hawan jinin masu ciki. Wasu binciken na Kano sun kuma nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin yawancin matan.

Duk waɗannan bincike na baya-bayan nan da hoton eko aka yi su, wato sikanin na zuciya, ɗan'uwan wanda ake yi wa masu ciki. Shi ne gwajin farko, ya fi arha, kuma ga yawancin marasa lafiya ya wadatar. Ana bukatar MRI ne idan hoton eko bai fito sosai ba, ko ana son a san ko akwai tabo ko kumburi a naman zuciya, ko gudan jini da ya maƙale a ciki.

Samun ta kuma ba abu ne mai sauƙi ba. Wani ƙidaya da aka wallafa a 2018 ya sami na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, akasarinsu masu ƙaramin ƙarfi. Hoton zuciya kuwa yana bukatar mai ƙarfin tesla 1.5 ko fiye, wato kimanin ninki 30,000 na ƙarfin maganaɗisun duniya. Irin wannan tana bukatar ruwan hiliyam da ke sanyaya ta, wutar lantarki da ba ta yankewa, da ƙwararren da zai karanta hoton.

Saboda ƙarfin maganaɗisun, dole ne duk wanda ke da ƙarfe a jiki, kamar ɓarɓashin harsashi ko na'urar daidaita bugun zuciya, ya sanar da likita kafin ya shiga.

Nobel, takaddama da ƙarshen rayuwa

A 1984 Lauterbur ya sami kyautar Lasker, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan binciken lafiya a Amurka. A shekarar ya auri Joan Dawson, masaniyar yadda gaɓoɓin jiki ke aiki. A 1985 suka koma Jami'ar Illinois da ke Urbana, inda ya shugabanci ɗakin binciken MRI. Ya karɓi lambar yabo ta ƙasa kan kimiyya a 1987, da kyautar Kyoto ta Japan a 1994.

Kyautar Nobel ta daɗe ba ta zo ba. Sai a watan Oktoban 2003, shekara 30 bayan takardarsa, aka sanar cewa shi da Mansfield ne suka ci ta fannin likitanci. A lokacin, kwamitin kyautar ya ce akwai na'urorin MRI kimanin 22,000 a duniya, ana yin gwaji fiye da miliyan 60 da su a shekara.

Damadian bai yarda da hukuncin ba. Ya sayi cikakkun shafuka a manyan jaridun Amurka yana ƙorafin an cire shi. Magoya bayansa suna cewa shi ya fara nuna NMR na iya bambanta nama mai ciwo da lafiyayye. Masu goyon bayan kwamitin kuma suna cewa kyautar ta ɗaukar hoto ce, kuma na'urorin asibiti na yau a kan dabarar Lauterbur da gyaran Mansfield suke tafiya. Kwamitin bai sauya matsayinsa ba.

Lauterbur bai daina aiki ba duk da ciwon ƙoda da ya yi fama da shi. Ya rasu a gidansa da ke Urbana ranar 27 ga Maris, 2007, yana da shekara 77. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku.

Abin da ya dame shi a wancan dare na 1971 shi ne a ce sai an yanka kafin a san abin da ke ciki. Wannan matsala an warware ta. Wadda ta rage ita ce ta nisa da tsada. Mai jego daga Tsafe ko Bungudu takan fara ne da babban asibitin garinsu, daga nan zuwa asibitin tarayya na FMC ko na Yariman Bakura a Gusau, idan abin ya ci tura kuma a nufi Sakkwato, Shika ko Kano.

Likitocin zuciya sun yi ittifaƙi cewa matakin farko na wannan tafiya shi ya fi muhimmanci. Mata da yawa zuciyarsu takan farfaɗo cikin watanni idan an fara magani da wuri aka kuma ɗore a kansa. Don haka kumburin ƙafa, haki da kasa kwanciya a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa ba gajiyar jego ba ce da za a jira ta wuce. Alamu ne da ke bukatar a je asibiti a auna zuciya, ko da da eko ne, sannan a sake aunawa kafin a yi maganar wani cikin.